Jerin Masu Amfana

Atika Abdulmuminu ta iso Gadarif a bayan lori, cikin watan Disamba na shekarar da yaƙi ya ɓarke, da jaka ɗaya da kwamfutar da ta naɗe a tsohon tob, mayafin matan Sudan. Gudunta na biyu ke nan. Na farko daga Khartum zuwa Madani, inda ta yi wata takwas tana cewa gobe za a koma gida. Na biyu daga Madani zuwa gidan kawunta Uzairu, wanda rabonta da shi tun rasuwar mahaifiyarta Hajar. Ya tarbe ta a ƙofar gida, ya dubi ƙafafunta da suka kumbura, bai tambaye ta komai ba.

"Uwata, shigo," kawai ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Kawu Uzairu manomi ne, yana da gona fadan arba'in, wajen eka arba'in, a hanyar Doka, dawa da riɗi. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a nan ya yi noman shekara biyu don ya haɗa guzuri, har Allah ya karɓi ransa bai wuce ba. A Mafaza aka haifi uban Uzairu, shi kuma a Gadarif, amma sai da ya yi wata bakwai yana sintiri da shaidu kafin a ba shi takardar ɗan ƙasa. Bai cika ba da wannan labarin ba.

Ita kuwa Atika injiniyar kwamfuta ce. A Khartum su uku suka haɗa kai: Faisal Elfadil, mai iya magana da tsara takarda, da Waleed, mai gardama a kan ƙa'ida, sai ita, wadda ta rubuta mafi yawan aikin. Manhajar waya suka yi wa manoman damina, suka sa mata suna Rushash, yayyafin farkon ruwa. Manomi ya danna hoto, murya ta gaya masa lokacin shuka, ko alamar tsutsa, ko yadda zai yi da ƙuduji. Waleed ne ya dage a kan lasisin da za su sa mata. Kowa ya ɗauka, ya yi aiki da ita, ya gyara, ya raba, ya ma sayar in ya ga dama. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda ya gyara ya fitar, dole ya saki rubutun cikinta ga kowa, a kan wannan sharaɗin dai, kada wani ya kulle abin da ya samu a buɗe. Waleed ya rasu a Omdurman a wata na uku na yaƙin, yana layin burodi. Faisal ya tsallaka Alƙahira.

Wata biyu na farko Atika ba ta buɗe kwamfutar ba. Ta taya Zulaiha, matar kawunta, yin kisra, wainar dawarsu mai faɗi, ta tare mai amalanken ruwa a bakin titi, ta raka maƙwabta kai abinci makarantar unguwa da ta cika da 'yan gudun hijira har baranda. Sai wata rana da hantsi Kawu Uzairu ya same ta a rumfa, wayarta tana bayani a kan tsutsar riɗi.

"Wane ne wannan?"

"Barnamij ɗinmu ne, Kawu, manhajar nan. Wanda muka yi a Khartum."

Ya zauna a bakin gado ya saurara har ƙarshe. "Maganarsa daidai ce," ya ce. "Amma wannan Larabcin masu karanta labarai ne. Tukur na Doka in ya ji shi, cewa zai yi gwamnati ta fara sanarwa, ya kashe wayar."

Daga nan aka fara mayar da ita Hausa, da muryarsa. Duk safiyar da aka sami wuta, sai su shige bukka su ja ƙofa saboda zakarun Zulaiha, shi yana karantawa, ita tana ɗauka, gumi yana tsiyaya. Ba ya karanta abin da bai yarda da shi ba. In ta rubuta cewa a jira riɗi ya nuna, sai ya ajiye takardar.

"Wanda ya jira ya nuna duka, ƙasa ya noma wa. Rubuta: in ganyen ƙasa ya zube, kwanson ƙasa ya yi ruwan ɗorawa, a yanka, kada a jira na sama."

Jimla ɗari shida da 'yan kai suka ɗauka, kusan rabinsu babu su a kowane littafin ma'aikatar gona. A lokacin ne kuma layin waya ya yi ta ɗaukewa, wani lokaci mako guda babu intanet, don haka Atika ta zauna ta sake gina cikin manhajar, yadda za ta tsallaka daga waya zuwa waya ba sai da layi ba. Mako shida wannan aikin ya ci mata. Da layi ya dawo ta tura wa Faisal duka, ya amsa mata da cewa, "Mumtaz, ya bashmuhandisa! Madalla, babbar injiniya! Ke ce Rushash."

Shafin ƙarshe ne ya tsayar da su, wanda yake bayanin lasisi. A Larabci kalma biyu ce, majjani, abin da ba a biya, da hurr, abin da ba a ɗaure ba, kuma Waleed ya sha ɓata wa mutane rai a taro saboda sun haɗa su. Atika ta daɗe tana juya biro, ta rubuta: Wannan manhaja kyauta ce.

Kawu Uzairu ya karanta a zuci, ya ɗago kai. "Wa ya ba wa?"

"Ba wanda ya ba wani. Ana nufin ba a biya."

"To ba haka kalmar take ba. Kyauta tana da mai ita. Yau ya ba ka, ka yi godiya, gobe ya hana ka, ba ka da bakin magana. Buhunan da ake rabawa a makarantar can kyauta ne. Kin ga yadda ake shanya mutane a rana kafin a miƙa musu?"

Ta soke, ta rubuta 'yantacciya. Ya yi wata 'yar dariya.

"Da can baiwar wa ce? Uwata, mutanenmu sun ji 'yanci a bakin duk wanda ya hau mulki a ƙasar nan. Ki sa wannan, su ɗauka ƙuri'a kike nema. Gaya mini da bakinki, mene ne yaron nan da ya rasu yake so?"

Ta yi masa bayani a hankali, sharaɗin da dalilinsa. Ya ɗauki sandarsa ya fita. Sai washegari, ya dawo daga kasuwar amfanin gona, tun bai cire takalmi ba ya ce, "Wakafi ne."

"Kawu, wannan fa ana iya sayar da shi."

"Gonar wakafi ma ana sayar da dawarta. Gonar ce ba mai cewa tasa, ba mai kewaye ta da ƙaya, ba mai gadonta. Ka shiga ka noma, ka bar ta yadda na bayanka zai shiga. Ba shi ke nan ba?"

Atika ta ajiye biro. Ta san da Waleed yana nan sai ya yi kwana uku yana gardama, a rana ta huɗu ya fara yaɗa kalmar kamar shi ya ƙirƙiro ta. Ta goge ido da bakin tob, ta kunna na'ura. Kawu Uzairu ya gyara murya ya karanta: "Wannan manhaja wakafi ce ga duk mai noma. Ka ɗauka, ka gyara, ka ba wani. Abin da ka ƙara a ciki, shi ma wakafi ne."

Faisal bai so ba. Ya kira ta daga Alƙahira, ana jin hayaniyar motoci a bayansa.

"Ya Atika, kalmar addini ce. Mutanen da nake magana da su in suka ga wakafi a fassara, za su fara tambayar wace ƙungiya ce a bayanmu."

"Su wa kake magana da su?"

"Masu tallafi. Aikin nan ba zai rayu da iska ba. Ni ko hurr ma na cire daga shafin Larabci, na sa maftuh. Buɗaɗɗe. Ba ya tsorata kowa."

"Waleed zai tsine maka."

"Allah ya ji ƙan Waleed, bai taɓa zama a gaban mai tallafi ba."

Ta ce shafin Hausa dai ba za ta taɓa shi ba. Ya ce, "Halas, shi ke nan, shafin Hausa naki ne. Wa ma zai karanta?" Ya yi dariya, ita ma ta taya shi, don tun suna ɗalibai haka suke yi wa juna.

Damina ta sauka, baƙar ƙasar Gadarif ta jiƙe ta kama tayoyin tarakta. Kawu Uzairu ya tura wa Tukur, abokinsa na Doka, Tukur ya tura wa surukansa. Direbobin lori suka kai ta Ƙala'at an-Nahal, wani mai sayar da iri ya kai ta Mafaza. Ba wanda ya riƙe sunan Rushash. A wajen mai shayi sai ka ji wani ya miƙa wayarsa yana cewa, "Zuba mini wakafin nan." Lokacin yankan riɗi, in Kawu Uzairu ya yi sallama a kasuwa, mutanen da bai taɓa gani ba sukan juyo, sun gane muryar. Ya kan dawo gida yana faɗa wai an hana shi ciniki, amma Zulaiha ta lura ya fara sa farar jallabiyarsa ta Juma'a in zai fita. Atika ta riƙa tura wa Faisal hotuna da labarai, shi kuma yana ta sa albarka.

A watan Janairu ya aiko mata da rahoto mai shafi talatin, da albishir cewa tallafi ya fito. Ta zauna a rumfa da kofin jabana, gahawar Sudan, ta fara karantawa.

Shafi na biyu jerin waɗanda suka gina aikin ne, musahimun. Faisal Elfadil. Marigayi Waleed, da addu'a a ƙarƙashin sunansa. Sai wasu mutum biyu mazauna Alƙahira da ba ta taɓa jin sunansu ba. Ta koma sama ta sake bi da yatsa. A shafi na huɗu ta ga kanta. Hoton da Zulaiha ta ɗauke su ne, ita da kawunta a ƙofar bukka, kwamfuta a cinyarta. An rubuta a ƙasa: Masu amfana, daga al'ummomin baƙi mazauna Gadarif. Wafidin, in ji Larabcin. Jimlolin kawunta ɗari shida sun zama bayanan murya da aka tattaro a wata lahja ta yankin. Sunanta yana shafi na ashirin da tara, cikin godiya, tsakanin wani direba da wani ɗakin taro: Atika A., mai tattara bayanai a fili. Sakin layi na ƙarshe kuma ya ce, domin sauƙaƙa haɗin gwiwa da 'yan kasuwa, an mayar da Rushash kan lasisi mai sassauci. Ta san ma'anar wannan. Kowa ya ɗauka, ya gyara, ya kulle, ba wanda zai tambaye shi.

Jabanar ta huce a hannunta. Ta kira shi sau huɗu kafin ya ɗauka.

"Na san me za ki ce," in ji Faisal. "Saurare ni tukuna. Masu tallafin suna da akwatuna. Akwatin ma'aikata, akwatin masu amfana. Suna so su ga mace, 'yar gudun hijira, daga al'umma marar rinjaye, a akwatin masu amfana. In na sa ki a ɗayan, lambobinmu sun faɗi. Kalmomi ne kawai, ya Atika."

"Lasisin fa? Shi ma kalmomi ne kawai? Ba ka da ikon canza shi sai duk wanda ya rubuta ya yarda."

"Na tambayi duk wanda ya rubuta. Yayan Waleed ya sa hannu."

"Ni fa?"

"Samarin nan biyu sun sake rubuta sassanki."

"Na buɗe na gani. Sunayen abubuwa suka canza. Har kuskuren da na bari a layi na ɗari uku yana nan."

"Lauyan ya ce sabon rubutu ne."

"Muryar kawuna kuma?"

"Murya ba rubutun manhaja ba ce. Bayanai ne. Lasisin bai taɓa hawa kanta ba." Ya sassauta harshe. "Ma'alesh, yi haƙuri. Wallahi akwai albashi a ciki na mai kula da fili, da sunanki na ajiye shi. Kina zaune a gidan mutane, ki yi tunani."

"Faisal, shekara nawa ka yi kana cin abinci a gidanmu? Wace rana ka ga baƙi a ciki?"

"Haka ake rubutawa a irin waɗannan takardun. Ba ni na ƙirƙiro kalmar ba."

Ta kashe wayar.

Suna da zaure a waya, na 'yan Sudan masu harkar manhajoji irin wannan, mutum ɗari biyu da wani abu, yanzu a warwatse daga Kampala zuwa Riyad. A nan ta koyi rabin abin da ta sani, a nan aka yi ta'aziyyar Waleed mako guda. Ta rubuta musu abin da ya faru dalla-dalla, ta jera rubutunta da na samarin gefe da gefe, ta sa hoton shafi na huɗu. Ta ce an yi mata sata.

Amsa ta farko daga wani malamin jami'a ta zo. Ya ce yana tausaya mata, amma kalmar sata ba daidai ba ce, domin kwafinta yana hannunta, ba abin da ya ɓace. Abin da ya dace ta ce shi ne saɓa sharaɗi. Wani ya ce wannan shi ne sakamakon barin hurr a koma maftuh, ya daɗe yana faɗa. Wani ya ce masu hurr ɗin ne suka hana harkar ci gaba da tsattsauran ra'ayi. Daga nan aka ɓarke. Kwana uku ana jefa wa juna dogayen saƙonni da tarihin kalmomin biyu, wa ya fara faɗar wace, a wace shekara, har aka fitar da mutum ɗaya don ya kira wani ɗan amshin kamfanoni. Ba wanda ya sake ambaton sunanta. A rana ta huɗu ta rubuta layi biyu kawai, ta tambaye su ko akwai wanda ya ga kalmar wafidin a ƙarƙashin hoton. Wata ta ce kalmar ba zagi ba ce, bayani ne na tarihi. Kafin la'asar mai kula da zauren ya goge saƙon Atika, ya rubuta cikin ladabi cewa ƙasa tana cikin wani hali, zauren na fasaha ne, a guji maganganun ƙabilanci.

Mutum biyu sun rubuto mata a gefe cewa gaskiyarta ce. Ɗaya ya ƙara da roƙon kada ta ambaci sunansa, yana neman aiki a wajen Faisal.

Ba ta so kawunta ya gani ba, amma Zulaiha ta gaya masa yarinyar nan ta daina cin abinci. Ya zo ya miƙa hannu, ta ba shi wayar. Ya sa tabarau ya karanta da kansa, a hankali, leɓunansa suna motsi. A shafi na huɗu ya daɗe.

"Wannan Faisal ɗin," ya ce, "shi ne dogon nan da na taɓa tararwa a gidan Hajar, yana neman ƙarin miya?"

"Shi ne."

"Mhm." Ya cire tabarau ya ninke. "Jami'in da ya yi mini tambayoyi a kan takardar ɗan ƙasa bai san ni ba. Aikinsa yake yi, ya ce in kawo shaidar kabarin kakana in da hali. Ban riƙe shi ba." Ya miƙa mata wayar. "Lahja kuma. To."

"Kawu, ni na jawo maka. Da ban tura masa ba…"

"Ke kika ce kowa ya ɗauka. Ya ɗauka."

"Da sharaɗi."

"Sharaɗi sai da alƙali, Uwata. Ina alƙalin?"

Babu. Kotunan da za ta je suna Khartum, Khartum kuwa ko mai gadi babu a ƙofofinta. Ta rubuta wa masu tallafin wasiƙa mai shafi uku. Bayan wata guda wata mata ta amsa da cewa sun gode ƙwarai da jin ra'ayin masu amfana, sun tura wa shugaban aikin don ya duba.

Kafin bazara ta ƙare, wani kamfanin iri da maganin ciyawa ya ɗauki Rushash. Ya sa mata koren tambari, ya cire hanyar tsallakawa daga waya zuwa waya, ya sa sai wakilinsa ya ba ka lamba take buɗewa, lambar kuma tana zuwa ne da buhun irinsu. Muryar Kawu Uzairu tana nan yadda take, tana cewa a yanka kada a jira na sama, sai dai bayan kowace jimla uku wata budurwar murya takan shigo ta ambaci sunan magani. Shafin ƙarshe an cire shi.

Atika tana da tsohon kwafin, kuma shi ba wanda ya isa ya canza masa sharaɗi. Sunan ne ba ta da shi, don Faisal ya yi masa rajista. Ta sa masa Damina, ta gyara kurakuran da ta sani, ta ƙara bayani a kan farin ƙuda da manoman Mafaza suka yi ta tambaya. A farkon Yuni, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ta hau bas zuwa Doka ranar kasuwa.

Ta sami Tukur a rumfar mai shayi kusa da tasha, da wasu manoma bakwai ko takwas. Ya yi mata maraba sosai, ya sa aka kawo mata kujera, ya tambayi lafiyar abokinsa. Da ta fito da wayarta ta faɗi abin da ya kawo ta, sai mutanen suka kalli juna.

"'Yata," in ji Tukur, yana shafa gemu, "wakilin kamfani ya tara mu makon jiya. Ya ce akwai na jabu yana yawo, wanda ake zubawa daga waya zuwa waya. Ya ce yana lalata waya, kuma shawararsa ta tsufa. Na asali shi ne mai koren tambari."

"Baba Tukur, wanda ka yi aiki da shi bara, wa ya kawo maka?"

"Uzairu."

"Ya lalata maka waya?"

"A'a, wallahi. Amma wancan lokacin ai ba a san masu shi ba. Yanzu masu shi sun fito."

"Ni na rubuta shi."

"Na sani, na sani," ya ce da sauri, don kada ranta ya ɓaci. "Ke kika kwafo mana shi lokacin da ba mu da hanya, Allah ya saka miki. Ba wanda zai manta. Sai dai abin mutane, in mai shi ya zo, gara a bi ta ƙofa."

Wani daga gefe, mai rawani, ya ce shi dai ya ji an ce 'yan gudun hijirar Khartum ne suke wannan sana'ar ta kwafe-kwafe, ba da ita yake ba. Mai shayi ta ajiye mata kofi, ta tsaya tana kallonta. Atika ta buɗe baki za ta fara bayanin lasisi, ta dubi fuskokinsu, mutanen kirki da ke jiran ta gama su koma maganar farashin gas, sai ta rufe. Ta sha shayin. Ta zaga kasuwar har azahar, rumfa rumfa. Mutum huɗu suka karɓa, biyu daga ciki don kunyar Uzairu.

Bas ɗin dawowa ya tsaya sau biyu a shingen bincike. A na biyu sojan ya juya katinta, ya karanta sunan kakanta da ƙarfi, ya tambaye ta asalinta ina ne. Ta ce Gadarif. Ya ce kafin Gadarif. Ta ce Mafaza. Ya dube ta, ya miƙo katin.

Ta iso gida rana ta yi sanyi. Kawu Uzairu ba ya nan, ya tafi gona tun safe da buhunan iri, zai yi kwanaki a can har a gama shuka. Zulaiha tana tankaɗe a tsakar gida. Ta tambaye ta yadda aka yi, Atika ta ce huɗu.

"Huɗu ma mutane ne," in ji Zulaiha, ba ta ɗago ba. Can ta nuna taga da haɓa. Wayar Kawu Uzairu ce a kai, a cikin ledar da yake sa ta saboda ruwa.

"Ya manta ta?"

"Bai manta ba. Ya ce in kin dawo ki cire masa abin nan."

"Na kamfanin? Ai ba shi da shi."

"Naki. Ya ce kada ki ji haushi, ba don ke ba ne. Wai ya gaji da jin muryarsa."

Atika ta ɗauki wayar ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana riƙe da ita, sannan ta cire masa, ta mayar da ita cikin ledar, ta tashi ta karɓi rariya a hannun Zulaiha.